Ciwon da Inna Mairama Ta Ɓoye

Duk wanda ya taɓa sayen kifin banda a bakin Madatsar Goronyo ya san Inna Mairama, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce doguwar tsohuwar nan fara, wadda ba ta ɗaga murya wajen ciniki. Bafillata ce 'yar Dinawa. Cikin shanu ta tashi, kuma har aka ɗaura mata aure da Maigandi masunci ba ta taɓa sa kifi a baki ba. Danginta sun yi ta mamakin yadda za ta iya zama cikin ƙarni, amma ta zauna. Uwar mijinta ta koya mata yadda ake gyara tarwaɗa, a nannaɗe ta, a soke da tsinke, a jera kan waya, da irin icen da hayaƙinsa ke sa kifi ya yi ja ba tare da ɗaci ba. Lokacin da aka tare ruwan Rima aka yi madatsa, fatake suka fara zuwa daga nesa neman kifi, hannunta ya riga ya faɗa. Har ta doshi shekara saba'in kifinta ake fara tambaya.

'Ya'yanta mata duk sun yi aure, wasu a Rabah, wasu a Marnona. Namiji ɗaya gare ta, Iliyasu, kuma shi ne ɗan fari. Da aka yaye shi aka kai shi Dinawa wurin kakarsa, bai dawo ba sai da ya isa tuƙa jirgi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan." Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi. Shi kuma Adda yake ce mata, yadda ya ji ƙannenta suna kiranta. Bayan rasuwar Maigandi ta ci gaba da zama a ɗakinta na kusurwar gida, gefen murhun banda, tare da Iliyasu da matarsa Suwaiba. Duk maganar da za ta shiga tsakanin uwa da ɗa, ta bakin Suwaiba take bi.

Abin ya fara ne a makewayi. Ta ga jini, ba mai yawa ba, ta ce basir ne, wa ya tsufa bai gamu da shi ba. Ranar kasuwa ta je wurin mai saiwoyi ta ce wata maƙwabciyarta ce ta aiko ta. Ta sha jiƙo, ta sha sassaƙe, jinin ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. Daga baya ya zama ba sai ta je makewayi ba. Sai ta yayyaga wani tsohon zane tana ƙunzugu da shi kamar budurwa, ita da ta manta da wannan tun jikokinta ba su zo duniya ba. Tsummokaran kuwa cikin wutar banda take jefa su idan ba kowa a kusa. Ta ninke zannuwanta masu haske ta sa a ƙasan akwati, ta koma ɗaura baƙaƙe. Ta kuma hana Suwaiba yi mata wanki.

Wannan ya sosa ran Suwaiba. Wata rana ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Inna, mi niy yi maki? In wankina na ba ya hita, ki hwaɗa mani in gyara."

"Ba ki yi komi ba, ɗiyata. Zama na ba ni so."

Jikinta ya riƙa raguwa a hankali. Daron kifin da take ɗauka tun daga bakin ruwa har gida ba hutawa, ya zama sai ta sauke a hanya, zuciyarta na bugawa har cikin kunne. In ta miƙe daga tsugune sai duniya ta juya mata. Ta kamu da kwaɗayin farar ƙasa, tana ɓoye ta a bakin zane tana gutsura kamar mai ciki. Tafin hannunta ya yi fari fat. Mata suna ce mata, "Inna, kin ƙara haske," tana murmushi tana kau da kai. Ta san ba lafiya ba ce. Sau da yawa ta shirya maganar a ranta, ta kira Suwaiba, amma da yarinyar ta zo ta tsaya sai bakinta ya ƙi buɗuwa, ta ce a miƙo mata buta. Yaya za ta ambaci wannan wuri ga matar ɗanta na fari, alhali ta san maganar a kunnen wancan za ta ƙare?

Wata safiya, jirage sun dawo, bakin ruwa ya cika da masunta da 'yan sari, aka ɗora mata daro a ka. Ta yi taku kaɗan, idonta ya rufe. Da ta farfaɗo ta ji ta kwance a kan tulin komar kamun kifi, kifi warwatse a ƙasa. Wani masunci, Ja'afar, abokin Iliyasu, ya tuɓe babbar rigarsa ya rufa mata daga ƙugu zuwa ƙafa. Ta ji danshi a jikinta, ta gane abin da rigar ta rufe. Mazan nan duk sun kau da fuska, wasu na kallon ruwa, wasu na tsince kifin. Can gefe ta hango Iliyasu ya ba ta baya, hannayensa a kan kai. A ranta ta roƙi Allah ya mayar da ita cikin suman.

A asibitin Goronyo ma'aikacin lafiya ya ja fatar idonta ƙasa, ya duba farcenta, ya ɗebi jini ya auna. Ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, har yana mamakin yadda take tafiya da ƙafarta. Ya tambaye ta ta ina yake zuba. Ta kau da kai tana kallon bango. Ya fita ya bar ta da Suwaiba.

Suwaiba ta matso ta rage murya. "Inna, ni mace ta kamar ke. Ba mai ji sai Allah."

Inna Mairama ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta baya."

Aka tura su babban asibiti a Sakkwato. Likitan da suka fara samu namiji ne. Da ya ce ta hau gado ta kwanta ta gefe, ta damƙe bakin zanenta da hannu biyu ta ce a mai da ita gida. Bai matsa mata ba. Ya ce su jira likita mace, Dakta Mahbuba. Ko a gaban macen ma sai da ta lulluɓe fuskarta da mayafi, tana salati a ƙasan maƙoshi har aka gama. Aka yanki ɗan nama aka kai awo, aka yi mata hoto, aka ce su dawo.

Ranar da suka koma, likitar ta ce a shigo da ɗanta, don maganar ta fi ƙarfin a yi ta a bayansa. Iliyasu ya shigo ya tsaya jikin ƙofa.

"Inna, wanga ba basir ba na," in ji likitar. "Ciwon daji na, ga dubura. Shi ka zubar maki da jini."

Kalmar ta faɗo a tsakiyar ɗakin, a gaban wancan. Inna Mairama ta ji kamar an yaye mata zane a kasuwa.

"Tun yaushe kinka hwara ganin jinin?"

"An kwan biyu."

"Tun kahin azumi?"

Ta ɗaga kai.

"Azumin bana, ko na bara?"

Ta dubi yatsun ƙafarta. "Na bara ma ya iske shi."

Ta ji numfashin da Iliyasu ya ja daga bakin ƙofa. Likitar ba ta yi mata faɗa ba, kuma da ta yi, da ya fi mata sauƙi. Ta dai yi musu bayani dalla-dalla. Akwai magani: za a riƙa gasa ciwon da na'ura ana haɗa mata da ƙwayoyi don ya motse, sannan a yi tiyata a cire shi. Amma ba za a taɓa ta ba sai jininta ya hau. Jini ne ke kai iska ko'ina a jiki, kuma ciwon da iska ba ta isa gare shi sosai gashi ba ya cin sa yadda ake so. Ban da haka, tsohon da jininsa ya yi ƙasa magani na saurin kayar da shi, in an yanka shi kuma raunin kan daɗe bai haɗe ba. Ta ce ba za ta ɓoye musu ba, waɗanda suka zo da jininsu sun fi samun sauƙi a kan waɗanda suka zo a irin halin Inna. Amma za a yi iya ƙoƙari, sauran na Allah ne.

Aka ba ta gado, aka ce a kawo masu ba da jini. Iliyasu ne ya fara miƙa hannu. Da labari ya kai bakin ruwa, Ja'afar ya ciko mota da masunta suka zo. Ƙannenta na Dinawa suka sayar da bijimi suka aiko da kuɗin. Ita kuwa da ta ji wanda ya fara bayarwa, ta janye hannunta cikin mayafi.

"Ba a zuba mani jinin wancan," ta ce wa Suwaiba. "Uwa ka ba ɗa, ba ɗa ka ba uwa ba."

Sai da wata nas ta zauna ta fahimtar da ita cewa jinin da dangi suka bayar ajiya ake kai shi, a ɗauko wanda ya dace da nata, kuma ba a rubuta sunan mai shi a jikin leda. Ta yarda aka sa mata. Amma tana kwance tana kallon ledar tana ɗiga, tana tunanin ko na wane ne, ko na Ja'afar ne, ko na ɗaya daga cikin yaran da ta goya uwayensu suna wanka. Da masuntan suka shigo gaishe ta kafin su koma, ta rufe ido kamar mai barci har suka fita.

A gadon da ke kusa da nata akwai wata tsohuwa, Larai, mai sayar da tafarnuwa a Wurno. Ciwonsu ɗaya, shekarunsu kusan ɗaya, amma Larai ba ta da rufi a baki.

"Ni ranar da nig ga jini nit tara ɗiyana maza da mata," in ji ta, tana ɓare gyaɗa. "Nic ce masu, ga abin da ka hita gare ni ta baya, ku kai ni asibiti. Babban nasu har da toshe kunne. Nic ce, kai, ta kusa da nan kaf hito!"

Matan ɗakin suka kwashe da dariya. Inna Mairama ta juya musu baya, fuskarta na zafi kamar ita ta faɗa. Amma maganar ta zauna mata a rai, musamman da ta ga yadda abubuwa suka tafi. Larai ta yi gashinta daga farko har ƙarshe ba a tsaya ba, tana zuwa da ƙafarta tana komawa. Ciwonta ya motse, aka yanke shi aka haɗe hanjin, ta koma kasuwarta.

Na Inna bai tafi haka ba. Bayan an sallame ta suka sauka gidan wani ɗan'uwan Maigandi a cikin gari, kullum da safe Suwaiba ta raka ta ɗakin gashi. Kullum sai ta kwance zane ta hau teburin nan mai sanyi, an yi mata alamu da tawada a ƙugu, masu aikin kuma har da maza sa'annin jikokinta. Suna da ladabi, suna rufa mata ƙyalle, suna cewa "Sannu Inna," amma ba ta taɓa sanin kamannin ko ɗaya ba, don ba ta taɓa buɗe ido a ɗakin ba. Ana cikin haka gudawa ta kama ta, abinci ya fita ranta, jinin ya sake faɗuwa. Aka dakatar da gashin, aka ƙara mata jini da ruwan maganin ƙarfe mai gina jini ta jijiya, aka ci gaba, aka sake dakatarwa. Abin da Larai ta gama a lokacin sanyi, ita sai da lokacin zafi ya shigo. Da aka sake hoto, ciwon ya ragu, amma ba kamar yadda aka so ba.

Dakta Mahbuba ta ce tiyata za ta yiwu, sai dai ciwon ya sauko ƙasa sosai. Dole a cire wurin gaba ɗaya a ɗinke, a buɗe mata wata ƙofa a gefen ciki, inda bayan gida zai riƙa fita cikin wata 'yar jaka da ake mannawa. Kuma haka za ta zauna har ƙarshen rayuwa.

"A bar ni in koma ga Allah yadda yah halicce ni," in ji Inna Mairama. Ta ce a haɗa kaya.

Da la'asar, a masaukinsu, tana zaune a kan tabarma Suwaiba na ninke zannuwa, sai ta ga inuwar mutum a jikin labulen ƙofa. Iliyasu ne ya tsuguna a waje. Ya yi sallama, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi mata magana kai tsaye.

"Adda, gida guda muke kwana muna tashi, jininki na zuba shekara da shekara ban sani ba. Mutane na gaishe ni da mai jiki, ni kau kunya ka kama ni, don ban san mi zan ce masu ba. Wane irin ɗa na ni?" Ya matso jikin labulen. "Tun da nit tashi ban taɓa roƙon ki komi ba. Yau ina roƙo. Ki bari a yi aikin ga."

Inna Mairama ta ƙura wa tabarma ido. Duk tsawon ciwon nan kunyarta kawai take gani, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa ɓoyon da ta yi ya bar shi da tasa ba. Hawaye ya gangaro mata, ta share da bakin mayafi. Ba ta dubi labulen ba. Ta juya ga Suwaiba, wadda ita ma kukan take.

"Ki ce mai ba laihinai ba na. Ki ce mai na ji."

Aka sake ƙara mata jini, aka yi aikin. Ta tashi, amma ɗinkin ya ƙi haɗewa da wuri, ya yi ruwa, aka yi ta wanki ana sauya auduga. Waɗanda aka yi wa aiki a bayanta suka tafi gida suka bar ta. Sai da damina ta sauka sannan ta ga Goronyo.

A gida ta shiga wata sabuwar rayuwa. Suwaiba kaɗai ke ganin jakar, ita ke wankewa, ita ke mannawa. Mutanen gari sun san an yi wa Inna aiki a ciki, iyakar abin da suka sani ke nan. Jakar takan yi ƙara ba tare da sanarwa ba, saboda haka ta sa aka kawo mata rediyo, in baƙi suka shigo dubiya sai ta ƙara murya. Turaren wuta bai yanke a ɗakinta ba, ko da yake Suwaiba ta sha rantse mata ba a jin komai. Ta daina zuwa suna da biki. Jikarta Sauda, wadda ta saba hawa cinyarta, ta riƙa mayar da ita gefe, yarinyar ta yi ta kuka har ta haƙura.

Abin da ya fi damunta salla ce. Tana ganin ba ta da tsarkin da za ta tsaya gaban Ubangiji. Ta faɗa wa Suwaiba, Suwaiba ta faɗa wa Iliyasu, Iliyasu ya je wurin limamin wani ƙauye inda ba a san su ba, ya tambaya a kan "wata tsohuwa." Amsa ta biyo hanyar da tambaya ta bi: mai lalura ce, ta tsabtace abin da za ta iya, ta yi alwala, ta yi sallarta, Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. A ranar, Inna ta daɗe a kan buzun salla.

Kifi kuwa ba ta ƙara taɓa shi ba. Ta ce hannun da ke kusa da wannan abu bai kamata ya taɓa abincin mutane ba, kuma ba wanda ya iya sauya mata ra'ayi. Suwaiba ta karɓi bandar. Da Inna ta ɗan yi ƙarfi, tana shan ƙwayoyin ƙarin jini, ana dafa mata hanta da zogale, sai ta riƙa fitowa ta zauna nesa da murhu a kan kujera 'yar tsugune. Daga warin hayaƙi take gane komai. "Juya shi, ɗiyata, ya hwara ƙuna." "Rage icen ga, ɗanye na." Fatake suka ce kifin gidan bai sauya ba. Wannan daminar da kakar da ta biyo baya su ne mafi daɗin kwanakin da ta samu bayan ciwon. Har dariya an ji ta yi.

Shekara ta zagayo, idonta ya fara yin ɗorawa, cikinta na ciwo ta dama. Suka koma Sakkwato. Hoto ya nuna ciwon ya ɓulla a hanta. Dakta Mahbuba ta ce akwai magani mai ƙarfi da ake ba wasu, amma jinin Inna ya sake sauka, jikinta ba zai ɗauka ba, wahalar za ta fi amfanin yawa. Ta rubuta mata maganin rage zafi, ta riƙe hannunta ta yi mata addu'a. Inna Mairama ta yi godiya. A wannan karon ba wanda ya roƙe ta ta zauna.

Da ta ji jikin ya yi nauyi, ta sa aka kira mata ƙanwarta Halimatu Sa'adiya daga Dinawa. Ta sa aka rufe ƙofa, daga ita sai Halimatu sai Suwaiba. Ta ɗaga rigarta da kanta ta nuna wa ƙanwar abin da ke gefen cikinta. Halimatu ta dafe baki.

"Kin gani," in ji Inna Mairama. "In lokaci ya yi, ku biyu za ku wanke ni. Kada a kira tsohin unguwa. Kada kowa ya shigo sai kun rufe ni."

Suka yi mata alkawari.

Ta rasu wata ranar Laraba da hantsi, lokacin ana yankan shinkafa a fadama. Tsofaffin matan unguwa da suka saba wankan gawa suka zo da shirinsu, Halimatu ta tare su a bakin ƙofa ta ce mamaciyar ta bar wasiyya. Wasu suka ji haushi, suka ce halin Fulani ne, suka koma tsakar gida suka zauna. Masunta suka bar jiragensu suka zo, mutanen Dinawa suka zo a kan babura, aka yi mata salla aka kai ta.

A zaman makoki, in baƙo ya tambayi abin da ya yi ajalinta, sai wani daga cikin masuntan ya ce ƙarancin jini ne, ai su ma sun je sun bayar. Iliyasu yakan sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi jiƙanta," ya miƙa hannu ga mai gaisuwa na gaba.